'YAR TSANA A GABAN HASUMIYA: TARKEN HOTUNAN DA 'YAN SHA'AWA KE ƊAUKA A WURAREN YAWON BUƊE IDO

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama ya duba hotunan da mutane kan dawo da su daga tafiya zai tarar kusan duk zubinsu ɗaya ne. Ga matafiyi a tsaye yana murmushi, ga kuma wani mashahurin gini ko dutse ko teku a bayansa. Saƙon hoton bai wuce kalma biyu ba, wato "na je". To, amma tun daga wajejen shekarar 2000 wani sabon nau'in hoto ya bazu a ƙasashen Amurka da Japan da Turai, inda matafiyin kan janye jikinsa daga gaban kyamara, ya zaro 'yar tsana daga jaka, ya tsayar da ita a gurbinsa. Ita za a gani a gaban Hasumiyar Eiffel ta birnin Faris, ita za a gani a gindin dalar Giza ta Masar. Masu yin wannan abu kuwa galibinsu manya ne, masu aiki da iyali, ba kuma ɗaukar hoto ce sana'arsu ba.

Da yawa daga cikin waɗanda suka fara cin karo da irin waɗannan hotuna sukan yi tsaki su ce aikin wanda ya ci ya ƙoshi ne. Wannan hukunci yana da sauƙin yankewa, sai dai ba ya bayyana dalilin da ya sa wani hoton kan tsayar da mai kallo ya yi shiru, wani kuwa ya wuce shi ko a jikinsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗora waɗannan hotuna a kan faifan nazari, ta duba jigonsu da salonsu kamar yadda aka saba yi wa waƙa ko ƙagaggen labari. Matsayin da maƙalar ta ɗauka shi ne, hoton 'yar tsana a wurin yawon buɗe ido yana cin sunansa ne idan 'yar tsanar ta sa mai kallo ya ga wurin da sabon ido. Idan kuwa wurin ya koma labule kawai da aka rataya don a nuna kwalliyarta, to an yi asarar tafiyar, an kuma yi asarar hoton.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Bahaushe ya san 'yar tsana tun kafin zuwan roba. 'Yan mata sukan yi ta da ƙashi ko kara ko yumɓu ko tsumma, su yi mata kitso, su goya ta, har su shirya mata biki. A wannan matsayi 'yar tsana makarantar reno ce, kuma da yarinya ta girma sai ta bar wa ƙannenta. Wadda ake magana a kai a nan daban take. Ita ce za mu kira "'yar tsanar ajiya", wato wadda kamfani ya ƙera, manya suke saye suna tarawa saboda kyanta ko ƙarancinta ko tarihinta. Ba a ba yara ita. Akan ɗinka mata tufafi, a sauya mata gashi, wani lokaci ma a sake zana mata fuska.

"Ɗan sha'awa" kuma shi ne wanda ke ɗaukar hoto don jin daɗin ransa, ba don a biya shi ba. Wannan suna bai nufin rashin gwaninta, domin akwai ɗan sha'awar da ya fi mai shago iya sarrafa haske. Bambancin kawai shi ne babu wanda ya aike shi, saboda haka duk abin da ya bayyana a hotonsa zaɓinsa ne, kuma a kan zaɓin nan ne mai tarke zai kama shi. "Wurin yawon buɗe ido" kuwa shi ne wurin da ya shahara har mutane suka san kamanninsa tun kafin su taka shi.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Ɗaukar hoto ta shiga hannun gama-garin mutane ne a shekarar 1888, lokacin da George Eastman ya fito da kyamarar Kodak a Amurka, ɗauke da fim mai cin hoto 100. A shekarar 1900 kamfanin ya ƙara da wata mai suna Brownie wadda ake sayarwa dala ɗaya. Daga nan kyamara ta zama abokiyar tafiya, har ta kai kamfanin yana kafa alluna a wuraren shaƙatawa na Disney yana nuna wa baƙi daidai inda za su tsaya su ɗauki hoto. Ke nan tun da wuri aka fara tsara wa matafiyi abin da zai gani da kusurwar da zai gan shi.

Daga cikin waɗanda suka haɗa 'yar tsana da irin waɗannan wurare a matsayin aikin fasaha da ya shahara akwai Laurie Simmons, Ba'amurkiya, a jerin hotunanta mai suna Tourism, wato "yawon buɗe ido", na shekarun 1983 da 1984. Ta jera ƙananan 'yan tsanan roba, kowacce launi ɗaya tun daga kai har ƙafa, a gaban hotunan da ta haska da majigi na Hasumiyar Eiffel da Taj Mahal da Babbar Ganuwar Sin da sauransu. 'Yan tsanan ba su je ko'ina ba, a ɗaki aka yi komai. Abin da Simmons ke nunawa shi ne, ga mafi yawan mutane waɗannan wurare hoto ne tun asali, kuma mai ziyara yakan je ne don ya tabbatar da hoton da ya riga ya gani.

Ta fuskar 'yan sha'awa kuwa, labarin 'yar tsanar da ake kira Blythe shi ne ginshiƙi. Kamfanin Kenner na Amurka ne ya fito da ita a shekarar 1972, bisa zanen wata mata mai suna Allison Katzman. Tsawonta bai wuce santimita 30 ba, tana da ƙaton kai da manyan idanu, kuma akwai zare a ƙeyarta wanda idan aka ja sai idanun su rufe su buɗe da wani launi. Launukan guda huɗu ne, biyu suna kallon gaba, biyu suna kallon gefe. Kasuwa ba ta karɓe ta ba, shekara ɗaya kacal aka yi ana sayar da ita aka daina. A shekarar 1997 wani ya ba Gina Garan, wata mai shirya shirye-shiryen talabijin a birnin Niyok, kyautar guda ɗaya. Garan ta riƙa koyon ɗaukar hoto da ita, tana yawo da ita duk inda za ta. A shekarar 2000 kamfanin Chronicle Books ya buga hotunan a littafi mai suna This is Blythe. A ƙarshen wannan shekara aka yi amfani da 'yar tsanar a tallar kantunan Parco na Japan, sannan a 2001 kamfanin Takara ya koma ƙera ta. Abin lura a nan shi ne, hoton ɗan koyo ne ya tayar da kayan da kasuwa ta binne kusan shekara 30. Tsofaffin na 1972 da aka rasa mai saye suka koma abin nema da tsada.

A 2001 ɗin ne kuma fim ɗin Faransa mai suna Amélie, na Jean-Pierre Jeunet, ya ƙara yayata al'adar. A cikinsa tauraruwar ta sace wani ɗan mutum-mutumin ado daga lambun mahaifinta, wanda ya kulle kansa a gida tun rasuwar matarsa, ta ba wata ma'aikaciyar jirgin sama. Sai ga hotunan mutum-mutumin suna iso wa tsohon daga manyan biranen duniya, har daga ƙarshe shi ma ya ɗauki jakarsa ya fita. Zuwan kyamarar da ba ta buƙatar fim, da kafofin nuna hotuna irin su Flickr a 2004 da Instagram a 2010, shi ya ƙarasa buɗe ƙofar ga kowa.

4.0 Jigo

Idan aka tattara waɗannan hotuna aka nemi zaren da ya ɗinke su, za a tarar babban jigonsu shi ne wakilci. 'Yar tsana tana tsayawa ne a madadin wani. Sau da yawa wannan wani shi ne mai kyamarar da kansa, wanda ko dai kunya ta hana shi tsayawa gaban jama'a, ko ba ya son fuskarsa ta yi yawo a duniya, ko kuma shi kaɗai yake tafiya babu mai ɗaukarsa. Tufafin da ya zaɓa mata da yanayin da ya tsayar da ita suna faɗin abin da yake ji a ransa fiye da yadda tasa fuskar za ta faɗa, domin mutum a gaban kyamara yakan gyara fuska, 'yar tsana kuwa ba ta da abin gyarawa.

Wani lokaci wanda ake wakilta ba ya wurin sam. A shekarar 2010 wata mata mai suna Sonoe Azuma ta buɗe wani ƙaramin kamfani a Tokiyo mai suna Unagi Travel, wanda aikinsa shi ne a aiko masa da 'yan tsanan auduga ta gidan waya, ya zagaya da su wuraren tarihi, ya ɗauke su hoto, ya mayar wa masu su. Daga cikin masu aikowa akwai waɗanda rashin lafiya ko naƙasa ta hana su fita. Ga irin waɗannan mutane hoton ya wuce abin dariya, ya zama ɗan aike da ya je ya gano musu.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a Nijeriya. A al'adar Yarbawa idan ɗaya daga cikin tagwaye ya rasu akan sassaƙa ɗan mutum-mutumi da ake kira ere ibeji ya tsaya a gurbinsa, kuma a shekarun baya wasu iyaye sun koma amfani da 'yar tsanar roba ta kasuwa maimakon sassaƙen. Wani manazarci mai suna Stephen Sprague, a rubutunsa na 1978 game da masu hoto na garin Ila-Orangun, ya nuna yadda akan ɗauki hoton ɗan tagwayen da ya rayu, a wanke dodon hoton sau biyu a kan takarda ɗaya, sai a ga yara biyu zaune tare. A nan 'yar tsana da hoto aiki ɗaya suke yi, wato cike gurbin wanda ba ya nan. Ba a kawo wannan misali don a daidaita makoki da nishaɗi ba, an kawo shi ne don a nuna cewa ɗan Adam ya daɗe yana ɗora wa ƙaramar siffa nauyin mutum.

Akwai kuma wakilcin jama'a. A ƙarshen shekarar 2015 Haneefah Adam, 'yar garin Ilori, ta fara ɗinka wa 'yar tsanar Barbie hijabi da dogayen riguna tana ɗaukarta hoto da sunan Hijarbie. Barbie tana kasuwa tun 1959, amma sai a 2017 kamfanin Mattel ya sanar da irinta ta farko mai hijabi, wadda aka siffanta da 'yar wasan takobi Ibtihaj Muhammad. Aikin Haneefah ya tabbatar da cewa zaɓen 'yar tsana da suturarta magana ce. Saboda haka idan aka ga 'yar tsana a gaban wani gini, tambayar farko ita ce wa take wakilta, kafin a zo ga tambayar ina take.

5.0 Salo da Dabarun Sarrafawa

Kamar yadda mawaƙi ke da kari da amsa-amo, haka mai wannan hoto yake da kayan aikinsa. Guda huɗu ne suka fi muhimmanci.

5.1 Girma da Tazara

Hasumiyar Eiffel, wadda aka kammala a 1889, tsawonta ya kai mita 330. 'Yar tsana mai santimita 30 ke nan hasumiyar ta ninka ta sau 1,100. Kyamara ba ta san girman abu ba, abin da ta sani shi ne yawan filin da ya ci a cikin hoto, kuma wannan ya danganta ne da nisansa. Idan aka ajiye 'yar tsanar rabin mita daga kyamara, aka kuma ja da baya har hasumiyar ta kasance a nisan mita 550, su biyun za su fito tsawonsu ɗaya. Wannan ita ce dabarar da masu ziyarar Hasumiyar Pisa ta Italiya suke amfani da ita su fito kamar suna tallabe ginin da hannu. A harshen adabi kambamawa ke nan, an kai ƙaramin abu matsayin babba. Daɗinta na ɗan lokaci ne, domin da zarar mai kallo ya gano sirrin sai dariyar ta ƙare. Hoton da ya fi daɗewa a zuciya shi ne wanda ya bar 'yar tsana a ƙanƙantarta, ya bar gini a girmansa, har mai kallo ya tuna cewa shi ma a gindin wannan gini bai fi 'yar tsana ba.

5.2 Matsayar Kyamara

Mafi yawan hotunan da suka lalace a nan suke lalacewa. Mutum ya tsaya a tsaye ya karkato kyamara ƙasa, sai hoton ya fito da abin da yake na zahiri, wato abin wasa da aka yar a kan daɓe. Wanda ya san aikin yakan durƙusa, wani lokaci ya kwanta rubda ciki a gaban jama'a, har gilashin kyamara ya yi daidai da idon 'yar tsanar. Da wannan sai duniya ta sauya. Ciyawa ta zama daji, matakala ta zama katanga, tsagar da ke jikin dutse ta zama kwazazzabo. A nan ne mutuntarwa take tabbata, domin an ba abu marar rai mazaunin kallo irin na mai rai. Kuma a nan ne wurin da aka ɗauka sau miliyoyi yake samun kusurwar da ba a saba gani ba, tun da kusan duk hotunan duniya daga tsayin idon baligi ake ɗaukarsu.

5.3 Kaifi da Dishi-dishi

Duk lokacin da aka saita kyamara a kan abin da ke kusa ƙwarai, abin da ke nesa yakan yi dishi-dishi, musamman idan an buɗe ƙofar haske ta gilashin sosai. Idan aka tsuke ƙofar, na kusa da na nesa duk sukan fito da kaifi, sai dai hasken da ke shiga zai ragu, dole a ƙara wa kyamara lokaci kuma a hana ta motsi. Wannan zaɓi ba na na'ura ba ne kurum, hukunci ne a kan wane ne tauraro. 'Yan sha'awa da yawa sun kamu da son bayan da ya narke, saboda yana fito da gashin 'yar tsana da leshin rigarta. Sakamakon shi ne ginin da aka ƙetare teku don a gani ya koma tabon launi, wanda da a bayan gida aka ɗauka da ba za a bambance ba. Ana iya kwatanta wannan da marubucin da ya ce labarinsa a Legas ya faru, amma babu ko ƙarar mota ɗaya a cikinsa.

5.4 Haske da Kallo

Fuskar roba tana ƙyalli, shi ya sa hasken tsakar rana yakan bar farin tabo a goshi da kumatu, ya tona asirin cewa roba ce. Wasu masu tarawa sukan goge fuskar da lallausar takardar yashi don su kashe ƙyallin, wasu kuma sukan jira hantsi ko la'asar sakaliya, lokacin da haske ke zuwa daga gefe. Sai dai abin da ya fi haske muhimmanci shi ne inda 'yar tsanar ke kallo. Wannan ne sirrin Blythe. Idanunta masu kallon gefe suna ba da alamar cewa wani abu a wajen hoton ya ɗauke mata hankali, sai mai kallo ya shiga tunanin mene ne. 'Yar tsanar da ta zuba wa kyamara ido ta ba gini baya tana maimaita abin da kowane baƙo ke yi ne. Wadda aka juya ta fuskanci ginin, har ƙeyarta kawai ake gani, tana jan idon mai kallo ya bi nata zuwa ga abin da aka zo gani. Juyi ne na rabin zagaye, amma shi ke raba hoton talla da hoton tafiya.

6.0 Raunin Waɗannan Hotuna

Rauni na farko shi ne wanda aka ambata tun a gabatarwa, wato mayar da wuri labule. Mai karatu zai tuna da shagunan masu hoto inda akan rataya labule mai zanen jirgin sama ko dogayen benaye, mutum ya tsaya a gabansa cikin kayan Salla. Philip Kwame Apagya na ƙasar Gana ya shahara a shekarun 1990 da irin waɗannan labulaye masu zanen filin jirgi da falo cike da kayan lantarki. A hotunansa mutum na gaske ne, wurin ne na zane, kuma kowa ya san buri ake nunawa, saboda haka babu yaudara. A raunanan hotunan 'yan tsana an juya lamarin, wurin na gaske ne amma an ɗauke shi tamkar zane. Wanda ya tsaya gaban labulen jirgi bai samu zuwa ba ne. Wanda ya je har gindin dala ya dawo da hoton riga, shi ya samu zuwa amma bai gani ba. An ce gani ya kori ji, to amma sai an buɗe ido.

Rauni na biyu ya shafi rashin sanin abin da wuri yake nufi. Taj Mahal kabari ne, Sarki Shah Jahan ya gina shi a Agra saboda matarsa Mumtaz Mahal da ta rasu a 1631. Dalar Giza ma kaburburan sarakuna ne. Ba a ce kada a ɗauki hoto a irin waɗannan wurare ba, amma mai tsayar da 'yar tsana cikin kayan rawa a bakin kushewa ya nuna bai tambayi inda yake ba. Mawaƙin da ya ɗora waƙar biki a kan karin makoki ba za a ce ya yi sabon salo ba, za a ce bai san gidan da ya shiga ba.

Rauni na uku shi ne mafi muni, kuma 'yan sha'awar da kansu ne suka fi kowa fallasa shi. A shekarar 2015 wata mai ɗaukar hoto a birnin Portland na Amurka, Darby Cisneros, ta ƙirƙiro Socality Barbie, inda ta riƙa tsayar da 'yar tsana a bakin duwatsu da tafkuna tana kwaikwayon masu nuna wa duniya cewa rayuwarsu ba ta da aibi. A 2016 kuma aka sami Barbie Savior, wadda ke zambo ga matasan Turawa masu zuwa Afirka aikin sa kai na 'yan makonni, su rungumi yaran mutane su ɗauki hoto ba tare da izinin iyaye ba. Ƙarfin wannan zambo yana cikin juyin da ya yi. Da aka sa 'yar tsana a gurbin baƙon, sai ya bayyana cewa a hotunan asali yaran ne aka mayar 'yan tsana, wato abin ɗauka a jingina, a gyara wa zama, a ajiye idan an gama. Wannan gargaɗi ya hau kan duk mai kyamara, har da ɗalibin da ya tafi ƙauye aikin bincike ya dawo da hotunan tsofaffi da almajirai ba tare da ya san sunan ko ɗaya ba. Wanda ya saba da abin ɗauka marar baki yana iya mantawa cewa mutum yana da nasa.

Rauni na huɗu shi ne na aljihu. 'Yar tsanar ajiya tana da tsada, tafiya ta fi ta tsada, kuma fasfo ɗin wasu ƙasashe ya fi na wasu buɗe ƙofofi. Akan wayi gari 'yar tsana ta shiga ƙasashen da malamin da ya shekara 20 yana koyar da tarihinsu bai samu izinin shiga ba. Idan hoto bai ƙunshi komai ba sai nuna wannan gata, to bai wuce rasiɗin kashe kuɗi ba. Sai dai wannan ba laifin nau'in ba ne, domin babu ɗaya daga cikin dabaru huɗun da aka bayyana a sama da ke buƙatar tikitin jirgi. 'Yar tsanar kara da wayar hannu sun isa, idan akwai ido.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi diddigin hotunan 'yan tsana a wuraren yawon buɗe ido tun daga aikin Laurie Simmons na ɗaki zuwa yawon Gina Garan da Blythe, ta nuna cewa jigonsu wakilci ne, ta kuma fito da dabaru huɗu da ake gina su da su. An ga cewa ƙarfin nau'in da rauninsa daga tushe ɗaya suke. 'Yar tsana ba ta gajiya, ba ta ƙiftawa, ba ta gardama, saboda haka duk abin da hoton ya faɗa mai kyamara ne ya faɗa, ba shi da wanda zai ɗora wa laifi.

Ma'aunin da maƙalar ke ba mai nazari mai sauƙi ne. A sa yatsa a rufe 'yar tsanar, a dubi abin da ya rage. Idan babu komai sai dishi-dishi, hoton na tufafi ne. Sannan a rufe wurin a dubi 'yar tsanar. Idan ba ta rasa komai ba, to ba ta da dalilin zuwa. Hoton da ya yi nasara shi ne wanda kowane ɓangare ke neman ɗan'uwansa, 'yar tsana ta ba gini ma'aunin girma da idon kallo, gini kuma ya ba ta dalilin tsayuwa. Irin wannan hoto ba shi da yawa, kamar yadda waƙa mai kyau ba ta da yawa a cikin tarin waƙoƙi. Amma samuwarsa ta isa hujjar cewa baligin da aka gani kwance rubda ciki a gaban hasumiya, yana gyara wa 'yar tsana wuyan riga, mai yiwuwa ya fi duk waɗanda ke tsaye suna yi masa dariya ganin hasumiyar.